Barkonon Ranar Alhamis

A lungun masu turare da ke cikin tsohon birnin Lahor, duk ranar Alhamis da an idar da sallar magariba sai ka rantse an yi shara an kwashe mutane. Mai gasa masara ya rufe garwashinsa, masu keken doki su ɗaure linzami, yara ma su ajiye faɗansu sai gobe. Kowa ya nufi inda akwatin rediyo yake, don lokacin ne ake sa wasan "Ƙofa Biyu". A shekarun nan, wanda bai ji abin da Seth Bahawal ya aikata ba, ba shi da bakin magana ranar Juma'a.

Seth Bahawal attajiri ne a cikin wasan. A ƙofar gidansa ta gaba marayu da zawarawa ke layi, shi ya gina musu makaranta, sahun farko kuma ba ya wuce shi. Ta ƙofar baya kuwa ake shigo masa da zinariyar fasa-ƙwauri da bindigogi. Duk wanda tsautsayi ya sa ya ga ƙofofin nan biyu, kwanansa ya ƙare. Ya shaƙe direbansa, ya shaƙe abokinsa na ƙuruciya, ya shaƙe wani bawan Allah mai gyaran famfo da ɓatan hanya kawai ya yi. Kafin kowanne sai a ji ƙarar cokali cikin kofi, sannan muryar nan mai kauri ta ce, "Zauna, ka sha shayi tukuna." Maganar ta bi gari, har ta kai ba a yi wa baƙo tayin shayi sai an yi dariya.

Kishwar ba ta taɓa yin dariyar ba. Mijinta ne Seth Bahawal, kuma duk lungun ita kaɗai ta sani.

In ka ga mijin nata, Tufail, ba za ka yarda ba. Siririn mutum ne mai sanyin murya, shagonsa na turare bai fi faɗin tabarma biyu ba, in tururuwa ta hau ma'auninsa sai ya sa takarda ya sauke ta. Wani ma'aikacin gidan rediyo ne ya zo sayen turaren fure, ya tarar da shi yana kwaikwayon wani attajiri mai rowa da ya fita yanzu, ya tsaya yana saurare har ya manta abin da ya kawo shi. Daga nan aka fara. Ya ari suna, ya roƙe su kada su buga hotonsa, ya ce wa mutanen gida ya yi bakance zai riƙa ziyartar hubbaren waliyyi duk Alhamis, kamar yadda rabin garin ke yi. A hanyar dawowa sai ya sayi farar alewa da ganyen fure a bakin titi ya kawo tsarabar albarka.

Duk wannan wahalar saboda mutum ɗaya ce, uwarsa, Bebe Sardaran. Mijinta Lal Din ɗan wasan tanti ne, irin masu bin bukukuwan ƙauye. Ya bar ta da goyo ya bi ganga, yana zuwa sau ɗaya a shekara da aljihu wayam da labari cike da baki, har ya mutu a wani tanti da ba ta san ko a ina yake ba. Da allura da zare ta reni Tufail. Ranar da ta kama shi, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya tara yara yana kwaikwayon mai unguwa, ba ta duke shi ba. Kama haɓarsa ta yi ta ce, "Wallahi ranar da ka zama ɗan wasa, ban yafe maka nonona ba." A wurinmu ba a wasa da wannan. Uwa kan yafe wa ɗanta nononta kafin ta cika, wanda kuwa aka hana, ko ya yi aikin hajji a ƙafa mutane ba sa daina kallonsa, shi ma ba ya daina kallon kansa.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tufail ya yi ta danne abin shekara da shekaru, har ranar da ya fi ƙarfinsa.

Abin haushi, a gidansu rediyon lungun yake, kuma Bebe ce shugabar masu sauraro. Yanar ido ta rufe mata gani, amma kunnenta na jin faɗuwar allura a gidan maƙwabta. Da magariba ta yi za ta hakimce kan gadon igiya, matan lungu su zagaye ta, Kishwar ta murɗa akwatin. Da Seth ya buɗe baki sai Bebe ta ɗaga hannuwa sama.

"Allah ya karya hannun nan! Allah ya sa tsutsa ta ci harshenka, munafuki, mai sallar ganin ido!"

"Amin, Bebe!" in ji matan.

"Uwarsa ta yi asarar haihuwa!"

Kishwar kan sunkuyar da kai tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Kowace tsinuwa sai ta ji ta a ƙashin bayanta. Amma in za a faɗi gaskiya, ba tsoro kaɗai take ji ba. Alfahari ne ke cika mata ƙirji har ya so ya shaƙe ta. Wasan kai tsaye ake yinsa, in ka yi tuntuɓen harshe duk ƙasa ta ji, Tufail kuwa bai taɓa yi ba. Mugayen sauran wasanni ihu suke yi da dariyar ƙeta. Nasa mugun ba ya ihu. Kafin ya yi kisa sai ka ji numfashinsa ya sarƙe, cokalin yana rawa a kofin, ka gane cewa mutumin nan tsoro ne ke cinsa, ya fi wanda zai kashe firgita. Sai ka tsine masa, ka kuma kwana kana tausayinsa ba ka san dalili ba. Ita ta san inda yake samo tsoron, don da shi take kwana a ɗaki ɗaya.

In ya dawo da alewarsa, Bebe ba ta bari ya zauna. "Zo nan, ɗana. Taron hubbare ba a rasa mai mugun ido." Sai ta ɗebo busasshen jan barkono, ta zagaya kansa da shi tana motsa baki, ta miƙa wa Kishwar ta jefa a garwashi. Kowa ya san ƙa'idar: in hayaƙin ya sa tari, lafiya lau, in kuwa ya tashi bai shaƙe kowa ba, to akwai bakin mutane a jikin mai shi, barkonon ya cinye. Kishwar za ta iya dafa Alƙur'ani cewa tun da aka fara wasan nan, barkonon Alhamis bai taɓa sa ko jariri tari ba.

"Kin gani ko?" Bebe kan ce. "Mutanen hubbaren nan, ido gare su kamar wuƙa."

Tsohuwar dama tana da abubuwanta. A hunturun farko na wasan, ba biki ba suna, ta tashi da safe ta ce sai an dafa tukunyar shinkafa da nama an kai wa miskinan ƙofar masallaci, kuma da kuɗin ɗinkinta. Kishwar ta tambayi dalili, ta ce, "Ke dai hura wuta." Aka hura.

Haka aka yi ta tafiya har bazarar da jikin Bebe ya fara ƙi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, likita ya zo ya duba ya fita yana girgiza kai a kan matakala. A makon ne kuma aka yi shelar cewa wasan ya zo ƙarshe, Alhamis mai zuwa za a ji makomar Seth.

"Baban Nasrin," in ji Kishwar, suna kan soro da rana tana shanya kaya, "ka gaya mata."

"In gaya mata me?"

"Gaskiya mana. Kana so ta yafe maka nono a kan ƙarya? Wannan yafiyar ta wa ce, taka ko ta mutumin da take zaton kai ne?"

Ya zauna kan bakin katanga ya riƙe kai. "In na faɗa ta hana fa? Kin san Bebe. Ta taɓa rantsuwa ta janye?"

"In ba ka faɗa ba fa?"

"Ki bar ni wasan ya ƙare. Saura guda. Daga nan na tuba, Seth ya mutu, babu wanda ya ji babu wanda ya gani."

"Ajali zai jira ka gama wasa ne?"

Ta ji haushinsa da tausayinsa sun zo mata tare, sai ta juya ta ci gaba da matse riga.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya ƙure nasu ba maƙiyi ba ne. Meraj Din ne, da ake kira Maja, mai sayar da ganyen tauna a bakin lungu, daidai ƙarƙashin tagar Bebe. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, cikinsa ba ya riƙe magana kamar yadda rariya ba ta riƙe ruwa. Shi kam da gaske yake zuwa hubbaren, ba Alhamis ba, Laraba, don kada ya rasa wasan. A can ya tambayi masu gadin takalma ko sun san Tufail mai turare, mai zuwa duk mako, suka ce ba su taɓa ganin mai kama da shi ba. Sai Maja ya sadaukar da wasa guda, ya bi keken dokin Tufail a baya, ya gan shi ya shige ƙofar gidan rediyo.

Ranar Talata da hantsi Kishwar na tsaye a taga tana kaɗe tabarma, Bebe na barci a bayanta, ta ga Tufail ya fito zai tafi shago. Maja ya diro daga kan tebur ɗinsa, fuska kamar an yi masa albishir da Makka.

"Yaya Tufail! Ina saurin zuwa? Zauna," ya kwaikwayi kaurin murya, "ka sha shayi tukuna."

Tufail ya tsaya cak. "Wane irin wasa ne wannan da safe, Maja?"

"Wasa ai sai ku, manya! Kai, kai, kai! Ashe kura na cikin garke muna ta neman ta a dawa. Lungunmu ne ya haifi Seth Bahawal! Wallahi yau ko sisi ba zan karɓa a hannun kowa ba, kyauta zan raba."

"Rage murya."

"In rage murya? Ganga zan sa a buga! Bari in fara da Bebe, ita da ke kwance, wannan labarin kaɗai ya isa ya tashe ta. Ta yi ta tsine wa ɗanta ba ta sani ba, za ta yi dariya har..."

Maja ya juya ya nufi ƙofar gidan. Kishwar ba ta ga lokacin da mijinta ya motsa ba. Ta dai ga Maja manne da bango, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa, hannuwan Tufail biyu a maƙogwaronsa. Faranti ya kife, ganye ya watse a kwata. Muryar da ta fito kuwa ba ta mai turare ba ce.

"In ka taka matakalar nan, ba za ka sauko da ƙafarka ba."

Idanun Maja suka firfito, fuskarsa ta yi jawur ta fara komawa baƙa. Kishwar ta so ta yi ihu, ta tuna mai barci a bayanta, sai ta saki tabarmar ta faɗa musu a ka.

Tufail ya saki. Ya tsaya yana kallon hannuwansa kamar na aro ne. Sannan ya cire hularsa ya ajiye a kan ƙafafun Maja, abin da namiji ba ya yi sai ya kai maƙura, ya durƙusa a cikin ruwan kwata.

"Ka yafe mini, ɗan'uwa. Ka tattake ta in ka so. Ta rantse ba za ta yafe mini nono ba in na zama ɗan wasa. Ka rufa mini asiri."

Maja ya daɗe yana tari yana murza wuya. Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya mayar masa a ka.

"Ai da sai ka faɗa da baki," ya ce da dasasshiyar murya. "Na yi shiru, na rantse da 'ya'yana." Ya sake yin tari, sai ga murmushi. "Amma fa ka iya, Yaya. Wallahi na ga kabarina. Ashe haka direban nan ya ji."

Kishwar ta waiwaya. Bebe na kwance yadda ta bar ta, fuska ga bango, numfashi a hankali. Ta yi hamdala a zuci.

Tufail bai ci abinci ba ranar, bai ci washegari ba. Ya ce wa Kishwar, "Na yi shekaru ina tambayar kaina yadda mutum mai gina wa marayu makaranta zai shaƙe abokinsa. Ashe ba wuya. Ashe taku uku ne." Ita ma ta gani da idonta.

Ranar Alhamis jikin Bebe ya tsananta. Tun azahar ba ta karɓi komai ba sai ruwa a cokali. Da la'asar ta yi, Tufail ya zauna a gefen gadon yana matsa mata ƙafa, ya ce yau ba inda za shi.

"Ba Alhamis ba ce?" in ji Bebe, ido a rufe.

"Ita ce, Bebe. Waliyyi zai yi mini uzuri."

"Ba ya yi. Wanda ya ɗauki alkawari ya cika. Tashi."

"Bebe, jikinki..."

"Jikina nawa ne. Mutane na jiranka." Ta ja numfashi. "Tashi ka tafi, kada in saɓa maka. Ina nan har ka dawo, ban gama da kai ba."

Ya dubi Kishwar, ta gyaɗa masa kai. Ya fita yana waiwaye kamar wanda ake kora.

Matan lungu suka zo gaisuwa, suka ce yau a bar rediyo, mara lafiya na son shiru. Bebe ta buɗe ido. "Duk wadda ta taɓa akwatin nan sai na fito mata a mafarki. Na bi ɗan banzan nan shekara da shekaru, sai yau zan bar shi? Ku tashe ni zaune." Aka jingina ta da matasai.

A kashin ƙarshen, 'yar Seth ce da kanta, budurwa mai ganin ubanta kamar waliyyi, ta bi kyanwarta har ta ɓulla ƙofar baya, ta ga akwatunan bindigogi. Ya same ta a tsaye. Ɗakin Bebe ya yi tsit. Aka ji ya tura ƙofa, aka ji ya zuba shayi, aka ji cokali ya fara zagaya kofi.

"Zauna," in ji muryar.

Wata mata ta toshe bakinta da mayafi. Cokalin ya ci gaba da zagayawa, yana rawa, yana bugun gefen kofi. Sai ya tsaya. Shiru ya biyo baya, shiru mai tsawo, har wata ta miƙa hannu za ta bubbuga akwatin a zatonta ya lalace, Bebe ta buge hannun. A cikin shirun ana jin numfashin mutum ɗaya, yana hawa yana sauka, kamar mai ɗauke da buhu a kan matakala. Kishwar ta san a gidajen Lahor duka babu mai haɗiyar yawu a wannan lokacin, kuma mijinta ne ya riƙe su, da numfashi kawai.

"Tashi, 'yata," ya ce daga ƙarshe, da wata ƙaramar murya da ba a taɓa jin Seth da ita ba. "Je ki buɗe ƙofofin duka biyu. Na gaji."

Matan da suka shekara suna tsine masa suka fashe da kuka. Bebe ba ta yi tsinuwa ko ɗaya ba yau, ba ta kuma yi kuka ba. Ta dai ce, "Ku tafi gida, mazanku na jiran abinci." Da ɗakin ya rage su biyu, ta ce, "Kishwar, hura garwashi. Ki ɗebo barkono da yawa."

Ba a daɗe da kiran isha ba aka ji gudunsa a matakala. Ya shigo yana haki, hannu wayam, ya manta da alewar. Ya zube a gaban gadon.

"Ina tsarabar waliyyi?" in ji Bebe.

"Bebe, ban je hubbare ba. Ban taɓa zuwa ba. Ni ne..."

"Shirun nan," ta katse shi, "da ka yi kafin ka ce ta buɗe ƙofa. Su suka rubuta maka, ko kai ka sa?"

Ya ɗago kai a hankali. "Ni na sa."

"Na sani. Ubanka ya shekara ashirin yana neman shirun nan bai samu ba. Shi da ya ga taro sai ihu, kamar mai tallan kankana."

"Bebe... tun yaushe?"

"Ji sakarai. Ni na haife ka, ni na ji kukanka na fari. Don ka saka murya a tulu sai in kasa gane ta? Tun daren farko, kafin ka gama sallama." Ta tsaya ta huta. "Kishwar, kin tuna shinkafar miskinai? Kaffarar rantsuwata ce. Tun hunturun nan na warware ta."

Kishwar ta zauna a ƙasa da barkonon a hannu. "Haba Bebe! Kika bar mu muna mutuwa a tsaye? Kika yi ta tsine masa?"

"Seth na tsine wa, ya kuma cancanta. In na yi shiru matan nan ba za su gane ba? Barkonon me kike tsammani nake ƙonawa? Gari guda na zagin ɗana duk mako, nawa bakin ma na ciki, in bar shi ya kwana da shi?"

"Me ya hana ki faɗa mini?" in ji Tufail. Hawaye na bin gemunsa.

"Da fari girman kai. Tsohuwa ta lashe amanta a gaban ɗanta? Daga baya kuma..." ta yi ɗan murmushi. "Ni ma fa a bayan tanti na fara ganin ubanka, na san abin nan. Na ji yadda cokalin ke rawa a hannunka, na ce tsorona ne ke rawar nan. In na cire maka shi, Seth ya zama ɗan tallan kankana. Na ji daɗin wasan, ɗana, ban so ya lalace. Son kai ne, ba wani abu ba."

Ta laluba ta kamo hannunsa na dama, ta juya shi, ta shafa tafin.

"Shekaranjiya na ji muryar Seth a ƙarƙashin tagata, ba a cikin akwati ba. Ba barci nake ba. Hannun nan ne ya shaƙe Maja, amma ni na ɗora shi a wuyansa. Na so in yi magana a ranar, na ce saura wasa ɗaya, bari ya gama. Ka ga ni ma ban fi ka ba. Gobe ka kai masa turare mafi tsada a shagonka, ka ce Bebe na neman gafara. Ka kuma sake masa baki ya buga gangarsa, kada cikinsa ya fashe."

Ya kifa fuskarsa a kan ƙafafunta yana kuka kamar yaro. Ta bar shi ya yi, sannan ta ce, "Kishwar, kama mini hannu, ya yi nauyi."

Kishwar ta damƙa mata barkonon, ta tallafi gwiwar hannun, suka zagaya kansa tare. Bebe ta ɗaga murya iya abin da ya rage mata, yadda ko Maja a ƙasa zai ji.

"Na yafe maka nonona, Tufail, ɗan Lal Din ɗan wasa. Wanda ka sha da rana da wanda ka sha da dare, na yafe, duniya da lahira. Allah ya yafe mana."

Kishwar ta watsa barkonon a garwashi. Ya yi ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, nan take ya shaƙe su. Ita ta fara tari, Tufail ya kama, 'yarsu Nasrin ta farka a ɗaki na kusa tana yi, har daga lungu aka ji Maja ya sarƙe yana tambayar wa ke son kashe shi karo na biyu. Kishwar ta ruga ta buɗe taga tana fifita da mayafi, ido na zuba.

Bebe ma tarin take yi, tana dariya a tsakani, hannunta a kan gashin ɗanta.

"Kun ji ko?" ta ce. "Babu sauran komai a kansa. Yanzu a ba shi abinci, kwana biyu bai ci ba."